Maƙwabcin da ban taɓa gaisawa da shi ba

Mun sauka birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania a ƙarshen 1998, sanyi ya riga ya kankama. Maigidana ya samu gurbin karatun digiri na uku, ni kuma na biyo shi da yaro ɗan shekara uku a hannu da cikin wata huɗu. Aka ba mu ɗaki biyu a hawa na uku na wani tsohon bene. Abbansu yakan fita tun da duku-duku, ba ya shigowa sai bayan isha'i, saboda haka daga ni sai yaron sai ƙarar na'urar ɗumama ɗaki. Turancin da na yi a makaranta na zo na tarar bai kai ni ko'ina ba. Mutanen garin suna magana kamar ana korar su, kafin in kama kan zance sun kai ƙarshensa, sai in yi murmushi in gyaɗa kai alhali ban ji komai ba.

Yaron ɗan fari ne, ba na kama sunansa. Sunan mahaifina ya ci, don haka Babana nake ce masa har yau. Kafin mu taso yaro ne mai surutu da ƙiriniya, amma cikin makonni kaɗan da zuwanmu sai ya koma wani daban. Ya daina yawan magana. Fitsarin kwance da ya bari tuni ya dawo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanka. Banɗakin gidan yana da dogon baho fari irin wanda ake shiga ciki, da zarar na kunna famfo na kama hannunsa sai ya ƙanƙame ƙofa yana ihu kamar za a yanka shi. In na yi nasarar saka shi ciki, lokacin da na cire marfin ramin don ruwa ya zurare, ya yi wannan ƙarar ta zuƙa, sai ya ƙanƙame ni jikinsa yana rawa, farcensa ya shige mini wuya.

Na doke shi. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ina da ciki, bayana yana ciwo, ba ni da wanda zan gaya wa, kuma a ganina taurin kai ne kawai yake yi mini. Nakan fito da shi daga banɗaki da shatin yatsuna a cinyarsa, in shafa masa mai yana sheshsheƙa, in kwanta in kasa barci. Ban taɓa tambayarsa me ya sa ba. Ko a mafarki bai zo mini cewa akwai abin tambaya ba.

Talabijin ɗin da muka saya na hannu ne, kuma tasha ta 13, wato WQED, ita ce ta fi fitowa tas. Nakan bar ta a kunne don ɗakin ya ji muryar mutane. A nan na fara ganin dattijon. Siriri ne, kansa ya yi furfura, yakan buɗe ƙofa ya shigo yana rera waƙa, ya cire kwat ya rataye, ya ɗauko suwaita mai zif ya saka, ya zauna ya cire takalmin ofis ya saka na kambas, yana ɗaure igiyar a hankali kamar ba abin da ke jiransa a duniya. Kullum haka, babu ranar da ya tsallake ko ɗaya. Sunan shirin Mister Rogers' Neighborhood, wato unguwar Mista Rogers, minti talatin ne, kuma duk wanda ke kallo maƙwabcinsa yake kiransa.

Da farko abin ya gundure ni. Babu tsalle-tsalle, babu hotuna masu walƙiya. Mutum ne zai tsaya ya barbaɗa wa kifi abinci, ya yi shiru yana kallonsu suna ci. Amma sai na lura da abu biyu. Babana, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, yakan zauna dirshan a gaban akwatin har a gama, wani lokaci in ji yana ba dattijon amsa da Hausa, domin in ya yi tambaya yakan dakata ya jira kamar yana jin mai kallo. Na biyu kuwa, ni kaina ina gane abin da yake faɗa. Shi ne Ba'amurke na farko da na ji maganarsa daga farko har ƙarshe ban ɓace ba. Na fara ajiye wanke-wanke in zo in zauna. Na samu ɗan littafi ina rubuta kalmomi. Rabin Turancin da na yi aiki da shi daga baya a bakin wannan mutumin na tsince shi.

Wata rana, ina jin cikin watan Fabrairu ne domin dusar ƙanƙara ta rufe tagogi, sai ya ɗauko zancen wanka. Ya ce akwai yaran da in suka ga ruwa yana bin ramin baho yana tafiya, sukan ɗauka su ma ramin zai iya janye su. Bai yi dariya ba, bai ce shirme ba ne. Ya yi bayani cewa ruwa da kumfa ne ke iya wucewa, mutum ya fi ƙarfin ramin nesa ba kusa ba, sannan ya rera 'yar waƙa a kan haka. Na waiwaya na kalli Babana. Bakinsa a buɗe, ya dunƙule hannuwansa a ƙirji. Jikina ya yi sanyi. Wata biyu ina dukan yaro saboda yana tsoron mutuwa, ban sani ba. Wani tsoho da bai san da zamanmu a duniya ba ya san abin da ke cikin zuciyar ɗana, ni da na haife shi ban sani ba.

Da aka gama shirin na tashi na shiga banɗaki. Na tara ruwa a bahon, na durƙusa da ƙyar saboda cikin, na kira shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi ƙarasowa. Na ce, “Tsaya nan, ba wanka za mu yi ba, kallo kawai za ka yi.” Na cire marfin, ruwan ya fara juyawa yana ƙara, na tura hannuna har ƙasa na ɗora a kan ramin. Hannun rigata ya jiƙe har gwiwar hannu. Na zaro na nuna masa yatsuna biyar cif. Na jefa kofin roba, ya yi ta yawo ya je ya tsaya a bakin ramin, ruwa ya ƙare ya bar shi a nan. Sai ya tako a hankali, ya leƙa, ya ce, “Umma, ba zai shanye ni ba?” Na ce, “Ba zai shanye ka ba, Babana. Dubi kofi ma bai wuce ba, balle kai.” Ya miƙa ɗan yatsa ya taɓa ramin, ya janye da sauri, ya sake taɓawa. Ranar ya yi wanka babu kuka. Ni ce na yi kukan, bayan ya yi barci.

Da na ba Abbansu labari sai ya yi jim, ya ce, “Kin san dai mutumin nan fasto ne ko?” Gabana ya faɗi. Gaskiya ne, a 1963 cocin Presbyterian ta naɗa shi limami, kuma maimakon a ba shi coci ya riƙe, aikin da aka ɗora masa shi ne kula da yara da iyalai ta hanyar talabijin. Na yi makonni ina kallon shirin da kunne a miƙe, ina jiran ranar da zai fara jan yaro zuwa addininsa in kashe akwatin. Ranar ba ta zo ba, har shekaru suka shuɗe. Addininsa daban, nawa daban, kuma hisabin kowa yana wurin Ubangijinsa. Abin da idona ya gani kawai nake ba da shaida a kai: an ba mutumin nan amanar 'ya'yan mutane masu addinai iri-iri, bai ci amanar ba.

Na haihu a bazarar 1999, mace. Wata sabuwa ta taso. Wata rana na fito daga kicin na tarar da jaririyar tana tsala ihu, Babana yana tsaye a gefe, damtsenta ya yi ja. Mintsininta ya yi. Hannuna ya riga ya ɗaga sama. Ban san yadda aka yi na sauke shi ba, sai dai na tuna yadda dattijon yake yawan maganar fushi, yana cewa kowa yana jin haushi, har manya, kuma akwai abin da mutum zai yi da haushinsa wanda ba zai cutar da kowa ba. Shi da kansa ya ce in ransa ya ɓaci fiyano yake bugawa da ƙarfi. Na rarrashi jaririyar, na zaunar da yayanta a gabana, na ce, “Haushinta kake ji?” Ya sunkuyar da kai, can ya ce, “Ki mayar da ita asibiti.” Na ce masa ba za a mayar da ita ba, tamu ce, shi ma namu ne, kuma babu wanda ya ƙwace masa wurinsa. Na ce jin haushi ba laifi ba ne, amma mintsini laifi ne babba, kuma ba zan lamunta ba. Na ba shi matashin kai na ce in abin ya taso masa ya naushi wannan. Ya naushe shi har ya gaji, ya zo ya kwanta a cinyata.

Abbansu bai yarda da wannan salon nan take ba. Cewa yake za a sangarta yaro, kullum ana gaya masa ana son sa a yadda yake, to yaushe zai gyaru? Ba shi kaɗai ba, a Amurkar ma akwai waɗanda suka zargi Mista Rogers da haka bayan rasuwarsa. Ni dai na zauna na kalli shirin shekara da shekaru, ban taɓa jin ya gaya wa yaro ya yi abin da ya ga dama ba. Abin da yake cewa shi ne ba sai ka yi wata bajinta ba kafin ka cancanci a ƙaunace ka. Kuma na gani a ɗakina cewa yaron da ya tabbata ana son sa ya fi saurin karɓar faɗa. Lokacin da nake dukansa ƙarya yake yi mini don ya tsira. Da na fara tambayarsa sai ya fara zuwa da kansa yana gaya mini ya fasa kofi.

A hawa na ƙasa akwai wata dattijuwa baƙar fata, ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Tun ranar da ta gan ni ina fama da kwandon wanki da ciki ta karɓe shi muka saba. Na riƙa kiranta Gwaggo, ta tambayi ma'anarsa, na gaya mata, ta ce ta karɓa hannu biyu. Tana ɗakinmu wata rana aka maimaita wani shiri na 1993, inda Mista Rogers yake zaune da wani baƙar fata da ke fitowa a matsayin ɗan sandan unguwa, François Clemmons, sun tsoma ƙafafunsu cikin ɗan bahon roba guda. Da suka gama sai Mista Rogers ya ɗauki tawul ya taya shi goge ƙafa. Ni ban ga wani abu a ciki ba, amma da na juya sai na ga Gwaggo tana share ido. Ta ce wannan maimaici ne, na farkon a 1969 suka yi shi, lokacin da a wurare da yawa Turawa ba sa yarda su shiga wurin ninƙaya ɗaya da baƙaƙe duk da dokar 1964 ta hana wariya. Ta ce a 1964 ɗin ma a jihar Florida wani manajan otal asid ya zuba a cikin ruwa saboda baƙaƙe sun shiga. Mutumin nan bai yi lacca ba, bai ɗaga murya ba, ƙafa kawai ya tsoma a ruwa ɗaya da ɗan'uwansa miliyoyin yara suna kallo. Na dubi fatar ɗana da ke zaune a ƙasa yana wasa, na fahimci hawayen nata.

Ita ce kuma ta warware mini wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki. Me ya sa in zai ba kifi abinci sai ya faɗa da baki, alhali muna gani? Ta ce wata yarinya makauniya 'yar shekara biyar ce ta aika masa wasiƙa, ta ce tana damuwa ko kifin sun ci abinci domin ba ta gani. Tun daga nan yake faɗa. Saboda yarinya guda.

Ranar 31 ga Agusta 2001 aka nuna sabon shiri na ƙarshe, bayan guda 895 tun daga 19 ga Fabrairu 1968. Bai yi bankwana ba, ya rufe kamar kullum, tunda za a ci gaba da maimaita tsofaffin kuma bai so yara su ji an tafi an bar su. Kwana goma sha ɗaya bayan nan aka kai harin 11 ga Satumba. Ɗaya daga cikin jiragen huɗu a Shanksville ya faɗi, wurin da bai kai tafiyar awa biyu a mota daga gidanmu ba. Ni mai hijabi ce. Na kulle ƙofa na daina fita, ko tagar ma ban cika leƙawa ba. Tashoshi suna ta maimaita hoton benayen suna rushewa, sai na ji Babana yana ƙirgawa, a zatonsa kowane maimaici wani sabon gini ne ya faɗi. Na kashe akwatin.

Lokacin yana aji ɗaya na firamare. Kwana biyu da komawarsa makaranta ya dawo ya ajiye jaka, ya ƙi cin abinci. Da dare ina gyara masa bargo ya ce, “Umma, mu ne muka yi?” Wani yaro ne ya gaya masa haka a filin wasa. Da a ce shekara uku baya ne, da cewa zan yi ya rufe mini baki ya yi barci. Amma na riga na ga yadda ake yi. Mutumin da ya yi wa yara bayanin kisan gilla a 1968 bayan an harbe Sanata Robert Kennedy, ya yi musu bayanin mutuwa da mataccen kifi a hannunsa, ya ware mako guda a kan rabuwar aure, ya riga ya nuna mini cewa yaro yana iya ɗaukar gaskiya in an auna masa daidai cikinsa. Na zauna a bakin gadon na ce wasu mugayen mutane ne suka yi, sun kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, kuma Allah ya haramta abin da suka yi. Na ce ba mu ba ne, ba shi ba ne, ba Abbansa ba ne. Na ce ni da Abba muna nan, aikinmu ne mu kula da shi. Sai na ƙara da abin da Mista Rogers yake cewa mahaifiyarsa ta koya masa, cewa in ka ga abin tsoro a labarai ka nemi masu taimako, ba za ka rasa su ba. Muka ƙirga su tare, 'yan kwana-kwana, likitoci, mutanen da suka yi layin ba da jini.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na leƙa ta ramin, Gwaggo ce da jakarta a kafaɗa. Ta ce ta lura kwana nawa ban sauko ba, in saka hijabina in ɗauko yarinya, kantin sayayya za mu tare. Ta riƙe hannuna tun daga ƙofar bene har muka dawo. Da Babana ya dawo na gaya masa, ya ce, “To a saka Gwaggo a cikin masu taimako.”

Mista Rogers ya rasu ranar 27 ga Fabrairu 2003, ciwon dajin tumbi ne, yana da shekara 74. A garinmu ya cika. Shekara huɗu da 'yan watanni muna shaƙar iska ɗaya, tashar tasu tana unguwar Oakland inda nake wucewa a bas, amma Allah bai taɓa haɗa fuskokinmu ba. Na gaya wa Babana kai tsaye, ban ce ya yi tafiya ba, ban ce ya yi barci ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To wa zai riƙa ba kifin abinci?” Na ce akwai waɗanda suka yi aiki da shi, ba za su bar su da yunwa ba.

A makon nan jaridun garin suka cika da tarihinsa, na zauna da ƙamus ina bi layi-layi. A nan na gane inda ya samo sanin da ya yi wa ɗana. An haife shi ranar 20 ga Maris 1928 a Latrobe, wani ƙaramin gari gabas da Pittsburgh, a gidan masu hali. Amma yaro ne mai fama da asma, mai ƙiba, mai kunya, yakan yi kwanaki a ɗaki shi kaɗai da 'yan tsanansa yana yi musu murya. Yara sun taɓa biyo shi daga makaranta suna yi masa eho saboda ƙibarsa. Da ya kai kuka wurin manya sai suka ce ya nuna kamar bai dame shi ba. Alhali ya dame shi, yakan keɓe ya yi kuka, ya zauna a gaban fiyano ya juye baƙin cikinsa a kai. Kakansa na wajen uwa, Fred McFeely, shi ne yake gaya masa cewa zuwansa kaɗai ya sa ranar ta yi daɗi. Ashe abin da yake faɗa wa yara a ƙarshen shiri, wanda na ji har na haddace, gadon kakan nan ne yake rabawa.

Kiɗa ya karanta a kwalejin Rollins da ke Florida, ya gama a 1951. A shekarar ne ya ga talabijin a gidan iyayensa, ya tarar ana jifan juna da kek a fuska don a ba mutane dariya, abin ya ɓata masa rai har ya ce shiga harkar zai yi. Ya fara a tashar NBC a New York, ya baro ta a 1953 ya dawo Pittsburgh don a kafa WQED da shi. Ko takalmin kambas ɗin nan asalinsa daga nan ne, yana bayan fage yana sarrafa 'yan tsana, yana bukatar abin da ba zai yi ƙara ba. Suwaitocin kuwa mahaifiyarsa ce take saƙa masa da hannunta, ɗaya ja tana gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Abin da na ɗauka saukin hali ne kawai ashe aiki ne ja. Shekaru masu yawa yana zama da wata masaniyar halayyar yara ta jami'ar Pittsburgh, Margaret McFarland, suna tace abin da zai faɗa, don kada wata kalma ta tsorata yaro ta inda babba ba zai zata ba.

Yadda yake tafiyar da kansa ma ya tsaya mini a rai. Wajen ƙarfe biyar na asuba yake tashi ya yi addu'a, yana ambaton mutane da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya tafi ninƙaya. Ba ya shan taba, ba ya shan giya, ba ya cin nama. Nauyinsa laba 143 ne, kimanin kilo 65, ya riƙe shi haka shekaru da dama, kuma yana son lambar domin a Turanci kalmomi ukun da ake cewa ina ƙaunarka da su haruffansu ɗaya ne da huɗu da uku. Wasiƙun da yara ke aiko masa yana amsa su. Matarsa Joanne, wadda suka yi aure a 1952 suka haifi 'ya'ya maza biyu, ta sha nanata cewa kada a mai da shi waliyyi, mutum ne mai jin haushi kamar kowa, horar da kansa ya yi. Wannan maganar tata ta fi duk yabon da aka yi masa amfani a wurina. In da haka aka halicce shi, da sai in ce ni ba a ba ni ba. Tunda koya ya yi, ni ma da nake da saurin hannu ina da hanya.

Sai daga baya, da intanet ta wadata, na ga bidiyon ranar 1 ga Mayu 1969, yana da sauran ƙuruciya da baƙin gashi a gaban kwamitin majalisar dattawa. Gwamnatin Shugaba Nixon tana so ta rage dala miliyan 20 da aka tsara wa tashoshin jama'a zuwa rabi. Shugaban kwamitin, Sanata John Pastore, mutum ne mai zafi, kuma da ganinsa ya ƙosa. Mista Rogers ya ajiye takardar da ya rubuto, ya yi magana da muryar nan tasa da yake yi wa Babana, bai ƙara mata ko ɗigo ba. Ya ce in aka nuna wa yara cewa abin da ke zuciya ana iya faɗarsa kuma ana iya shawo kansa, an yi wa lafiyar ƙwaƙwalwa babbar hidima. Cikin kimanin minti shida sanatan ya ce tsigar jikinsa ta tashi, ya ce da alama ka samu miliyan ashirin ɗin. Na kalli wannan, na kalli na 1997 inda aka ba shi lambar yabon talabijin ta Emmy ya sa taurarin talabijin suka yi shiru na daƙiƙa goma su tuna waɗanda suka raine su, shi yana duba agogo, wasu suna hawaye. Duk inda na bi shi mutum ɗaya nake tararwa, a gaban sanata da gaban yaro ɗan shekara uku.

Ba mu bar Pittsburgh ba, Abbansu ya samu aiki muka zauna. Gwaggo ta rasu yara suna sakandare, mun raka ta har maƙabarta. A Oktoban 2018, da wani ya shiga majami'ar Yahudawa a Squirrel Hill, unguwar da Mista Rogers ya zauna, ya kashe mutum 11, Musulman garin sun tara kuɗi don iyalan mamatan. Babana ne ya kira ni a waya ya ce ya saka nasa, in ba shi nawa ya haɗa.

A bakin kogi, ta ɓangaren arewa, akwai mutum-mutuminsa na tagulla da aka kafa a 2009, ya haura mita uku, yana zaune yana ɗaure igiyar takalmi, fuskarsa tana kallon gari. Wata yamma cikin kaka muka biyo ta wurin ni da Babana, lokacin ya gama jami'a ya fara aiki, ya fi ni tsawo da kai guda. Muka tsaya muna kallon ruwa. Maganar da na yi shekara ashirin ina juya ta a ciki sai ta fito da kanta. Na ce, “Babana, ka yafe mini.”

Ya juyo a firgice. “Subhanallahi, Umma, me kika yi mini?”

Na gaya masa duka, bahon, ihun, shatin yatsuna a cinyarsa. Ban rage komai ba. Ya daɗe bai ce uffan ba, yana kallon jirgin ruwan da ke wucewa. Sannan ya ce wallahi bai tuna dukan ba, ko kaɗan. Ya ce abin da ya tuna shi ne ina durƙushe a banɗaki, hannun rigata ya jiƙe sharkaf, ina nuna masa yatsuna, ga wani kofi yana yawo a ruwa.

Ya ce, “Shuɗi ne kofin ko, Umma?”

Na ce shuɗi ne. Ya cire suwaitarsa ya yafa mini a kafaɗa domin iskar kogi ta fara kaɗawa, muka nufi inda ya ajiye mota kafin magariba ta riske mu.